Jitar Yaya da Kunnen Kaka

Har yau in na ji warin kananzir yana ci a rufaffen ɗaki, sai in ga kaina a Plumstead, wata unguwa a London, ina yarinya, zaune a bakin gadon kakata da safa biyu a kowace ƙafa. Hitar kananzir ce ke ɗumama ɗakin, doguwa baƙa, da 'yar shuɗiyar wuta a cikinta. Umma kan shanya mana kayan makaranta a kan kujera kusa da ita, danshin tufafi ya gauraya da warin, gilashin taga ya yi ta gumi. Ta bayan bango kuma, daga ɗakin yayana, jita na ta tsala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Warin nan da ƙarar nan tare suke zuwa mini, ban taɓa iya raba su ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi muka je can. Shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin man fetur ya fara malala a ƙasarmu kamar ruwan tsakiyar damina. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, aka tura shi London, ofishinsu na wajen Charing Cross, yana kula da ɗalibanmu da ake turowa karatu. Kullum da safe zai sa kwat da taye, ya ɗauki lema, ya nufi tashar jirgin ƙasa. Mu kuma muna wani flat a benen wani gidan jan bulo, ni da Umma da Yaya, wanda a lokacin yake shekarar ƙarshe ta sakandare. Flat ɗin bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Wannan ya zo sayen leshi da akwatuna, wancan ya zo ganin likita, wani ya zo kwas, duk gidanmu ne masauki. Umma ta koyi tuƙa tuwo da garin shinkafar kanti, kuka da daddawa kuwa baƙin nan ke kawo mana a ƙasan akwati, ƙulle cikin tsumma don kada su ɓata musu tufafi.

Ana gab da shiga sanyi aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu. Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi wa aiki, sai ya warke a taɓa ɗayan, ke nan duk sanyin bana a wurinmu za ta ci shi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce siririya, da murya mai zurfi wadda ba ta yi kama da jikinta ba. Ba ta son garin ko kaɗan. Cewa take ranar Turawa rana ce mai kunya, ta leƙo ta koma. Bayan an yi mata aiki aka naɗe idon, aka hana ta sunkuyawa, aka hana ta dariya mai ƙarfi, sai na zama ni ce idonta. In na dawo daga makaranta in kai ta ta yi alwala, in juya ta ta fuskanci alƙibla, in ɓare mata goro, in tsaya a taga ina ba ta labarin abin da ke wucewa a titi.

Baba ɗan fari ne a wurinta, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsaye a ƙofa ne, ni za ta juyo wa ta ce, "Ke, gaya wa ubanki hitar nan ta yi sanyi." Ni kuma in juya in maimaita masa, shi kuma ya amsa kamar bai ji da kunnensa ba. Yaya kuwa abokin wasanta ne. Maigida take kiransa, in ya durƙusa gaishe ta ta lalubi kansa ta ce gashin nan da ya tara ko kaza za ta iya saka ƙwai a ciki.

Yaya yana da abubuwa biyu da yake ji da su. Na farko garmaho, wanda Baba ya san da shi, yana kuma haƙuri da shi. Na biyu wata jan jita mai aiki da lantarki, da akwatin lasifikarta, da wani abokinsa Bature ya bar masa. Ita Baba bai san da ita ba. Bayan kabad take kwana. Tsakanin tashi daga makaranta da isowar jirgin Baba ne kawai take fitowa. Umma ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba.

Akwai wani faifai na wasu samarin Turawa huɗu masu dogon gashi, a cikinsa akwai waƙa ɗaya da ta kama Yaya kamar zazzaɓi. Ganguna na faɗowa kamar rufin kwano ya rufta, jita ta ja dogon kuka, mawaƙin ya ƙwala murya har jijiyar wuya. Yaya zai sa ta, ya bi ta da tasa jitar, ya kuskure, ya ɗaga allura ya mayar da ita farko. Haka za a yi ta yi har Umma ta buga masa ƙofa ta ce an kusa magariba.

Ran nan da yamma ina matsa wa Kaka ƙafa, sai na ga yatsanta yana bugun bargo daidai da kiɗan. Can ta ce, "Kira mini Maigida. Ya zo da abin nan nasa."

Yaya ya shigo da garmaho yana murmushi, yana zaton tsiya za ta yi masa. Ta ce ya sa mata daga farko. Ta saurara har ƙarshe, kanta a kan matashi, rabin fuskarta cikin bandeji.

"Yaron nan mai ihu," in ji ta, "ba shi ne mai waƙar ba."

"Tasu ce mana, Kaka. Ga hotonsu nan a jikin kwalin."

"Ni ina ganin hoto ne? Muryarsa nake gaya maka. Wannan yaro a ƙoshe yake, bai taɓa rasa kome ba. Waƙar kuwa ta wanda ya rasa ce. Ya iya, ba na ce bai iya ba. Amma rigar babba ya sa."

Yaya ya yi dariya. Ta tambaye shi me ake ce wa irin wannan kiɗa, ya ce blues rock.

"Bulus?" Ta fara kyarma da dariya. "To, lallai wani ya ci bulus." Sai da Umma ta shigo da gudu daga kicin tana tuna mata abin da likita ya ce.

Maganar ta tsaya wa Yaya a rai. Ya ɗauki faifan ya kai kusa da fitila, ya duba 'yar takardar da ke tsakiyarsa. A ƙarƙashin sunan waƙar akwai wani suna da ƙananan baƙaƙe, ba kuwa na ɗaya daga cikin huɗun nan ba ne. Kullum yana riƙe da faifan nan, bai taɓa lura ba.

Ranar Asabar ya ce zai je Old Kent Road, wajen wani mai sayar da tsofaffin fayafayai. Umma ta ce sai dai ya tafi da ni, in sayo mata attarugu a hanya. Muka hau saman bas, muka zauna can gaba, ruwa na tsiyaya a gilashi. Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin tsohon kwali da taba. Mai shi wani dattijo ne mutumin Jamaika, da furfura a gemu, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciyarsa har ya taka biranen da ke kudancin ƙasar Amurka. Yaya ya nuna masa sunan. Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya ce yaran da ke shigowa shagonsa da yawa, amma ba kasafai ake samun mai tambayar ƙananan baƙaƙe ba. Ya shiga ciki ya fito da wani faifai, ya goge shi da hannun riga, ya ɗora allura.

Da farko ba ka jin kome sai ƙara kamar an zuba ƙullun ƙosai a mai. Can sai ga mutum ɗaya da jitar katako ɗaya, da ƙafarsa tana dukan daɓe. Babu ganga, babu lantarki. Zai faɗi magana, ya tsaya, jitar ta amsa masa. Ya sake faɗin maganar nan dai, kamar wanda bai yarda an ji shi ba. A karo na uku ne zai kawo abin da ke cinsa. Jitar kuwa ba kaɗa ta kawai yake ba, jan ta yake, sautin ya zame daga sama ya gangaro kamar kukan mace a gidan rasuwa. Dattijon ya ce wuyan kwalba mutumin ya zura a yatsa yana goga shi a kan tsirkiya. Waƙar dai ita ce, ko ni na gane ta. Amma a nan ba ta gudu. Tafiya take kamar mai ɗauke da kaya.

Dattijon ya jingina da kantar shagon ya ba mu labari. Baƙar fata ne mawaƙin, Ba'amurke, jikan bayi, manomin auduga a gonar wani. Tun kafin yaƙin duniya na biyu aka ɗauki muryarsa. Daga baya 'yan uwansa da suka yi ƙaura zuwa manyan birane suka jona wa jita lantarki, don a ji su a cikin hayaniyar gidajen rawa. Fayafayansu suka tsallako teku. Yaran Ingila suka same su, suka yi ta saurare har fayafayan suka cinye, suka koya, suka ƙara ganguna, suka ƙure murya, suka ja abin ya yi tsawo. Ya ce rabin abin da ake ji a rediyo yanzu, in ka tone ƙarƙashinsa, irin wannan tsohon za ka tarar zaune da jitarsa. "Waɗannan huɗun naka ma 'yan halak ne," in ji shi, "sun sa sunansa. Akwai waɗanda ba sa sawa."

Yaya ya sayi faifan, muka hau bas zuwa gida. Faifan na cikin rigar sanyinsa, ya rungume shi a ƙirji don kada ruwa ya taɓa shi.

Da aka sa wa Kaka, wannan karon yatsanta bai motsa ba. Ta saurara har allura ta kai ƙarshe tana zagayawa a banza. Sannan ta ce, "Yauwa. Wannan shi ne."

Na fara fassara mata abin da na iya tsinta daga Turancin mutumin, mai wuyar ji. Alfadarinsa ya mutu ana tsakiyar noma, mai gona ya kore shi, zai kama hanya zuwa inda bai san kowa ba, yana roƙon uwarsa ta yi masa addu'a. Ta ɗaga hannu ta ce in bari, ta riga ta ji. Sai ta fara gunguni a maƙogwaro, a hankali, har ya zama waƙa. Wata waƙa ce ta daban, da Hausa, amma ita ma in ta faɗi magana sai ta tsaya ta bar wuri, kamar tana jiran wani ya amsa.

"A nan gurmi ke shigowa," in ji ta. "Haka kakanku yake yi."

Muka dubi juna ni da Yaya. Mu dai abin da muka sani, kakanmu manomi ne, ya rasu kafin a haife mu.

"Manomi ne da damina," in ji Kaka. "Da rani makaɗin gurmi ne. Kasuwa-kasuwa, biki-biki. Ƙoƙon duma da fata da sanda da tsirkiya biyu, amma in ya zauna gindin bishiya, mai awo sai ta manta da mudunta."

Ba ta ƙara ba, don abin ya shafi ɗanta na fari. Umma ce ta ƙarasa mana a kicin, tana yanka albasa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce da Baba ya ci jarrabawa aka kai shi makarantar kwana, cikin 'ya'yan hakimai da alkalai ya tsinci kansa. Da suka gano sana'ar ubansa sai suka sa masa ɗan maroƙi, har in an zo cin abinci su riƙa jefa masa kwabo. Wata rana uban ya tako tun daga ƙauye don ya gan shi, da gurmi a kafaɗa kamar yadda ya saba. Baba ya hango shi daga nesa, ya ɓuya a bayan ɗakin kwana har uban ya gaji da jira ya tafi. Umma ta ce sau ɗaya tak Baba ya taɓa ba ta labarin nan, kada kuma mu kuskura ya ji a bakinmu.

Kada ka ɗauka ina cewa waƙar tsohon Ba'amurken nan daga garinmu ta tafi. Ban san wannan ba, Kaka ma ba ta ce haka ba. Abin da na sani, na kuma gani da idona, shi ne tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci ta ji waƙa ta bayan bango, ta gane akwai wani a ƙarƙashinta, aka tona aka same shi.

Daga nan kiɗan Yaya ya sauya. Ya aro jitar katako a makaranta, ya wanke wata 'yar kwalbar magani ya zura a ƙaramin yatsa. Ɗakin Kaka ya zama wurin koyo. Ita tana kwance, shi yana zaune a ƙasa kusa da hita, ta yi baiti ta tsaya, shi ya amsa da jita. In ya yi gaggawa ta ce, "Maigida, wa ke korar ka?" Sanyi ya yi tsanani, duhu na shiga tun la'asar, aka yi wa ido na biyu aiki, su dai suna nan. Shi da abokansa uku na makaranta kuma suka samu gurbi a wasan da ake yi na ƙarshen zango. Yaya ya ce waƙar nan za su yi, amma ta hanyarsa.

Ran nan ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, ofishin su Baba suka tashi da wuri, wani abokin aikinsa ya rage masa hanya a mota. Babu wanda ya ji hawowarsa. Sai ganinsa muka yi a ƙofar ɗakin, da lema a hannu tana ɗigar ruwa, uwarsa na waƙa, ɗansa na kaɗa mata.

Bai ɗaga murya ba. Baba ba ya ɗaga murya. Ya ce Yaya ya mayar da jitar inda ya samo ta, da duk wata da yake ɓoyewa. Ya ce in an yi hutu zai sa shi a jirgi ya koma gida, ya ƙarasa karatu a makarantar kwana.

"Baba, please, saura exams kawai," in ji Yaya. "Ban taɓa faɗuwa ba."

"Ban kawo ka ƙasar nan don ka zama maroƙi ba."

Kaka ta yunƙura ta zauna, abin da likita ya hana ta yi ba tare da an tallafe ta ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ke, gaya wa ubanki, ranar da ubansa ya je makaranta ya dawo bai gan shi ba, ya san yana nan. Ya hango ƙafarsa a bayan gini."

Ta matse mini hannu. Na juya na dubi maɓallin kwat ɗin Baba, na maimaita.

"Gaya masa uban bai yi fushi ba. Cewa ya yi yaron nan zai yi nisa, kada ni in zame masa ƙaya. Ya rataye gurmin a bango, bai sake fita da shi ba. Ya yi ta noma, da rani ya zauna yana kallon bango. Mutane suka ce ciwon ƙirji ne ya kashe shi. Ni da na zauna da shi na san abin da ya ci shi."

Na maimaita, ina kuka. Baba ya tsaya ya ji kowace kalma daga bakin uwarsa, ya sake jin ta daga bakin 'yarsa.

"Gaya masa an rataye ɗaya saboda shi, ya isa. Ba za a rataye na biyu ina da rai ba."

Wannan ban iya maimaitawa ba, bai kuma jira ba. Ya jingina lemar da bango, ya durƙusa a gaban gadon da kwat ɗinsa, ya ce, "Na ji, Inna." Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi ya fita.

Gidan ya yi kwanaki babu walwala. Baba ya ci abinci, ya yi salla, ya tafi aiki. Daga baya hukunci ya fito ta bakin Umma. Yaya zai zauna ya gama jarrabawa, zai shiga jami'a ya karanta injiniya, wannan babu ja. Jita sai Asabar da Lahadi, a fili, ba a bayan kabad ba. Wasan makaranta kuma ya je ya yi, tunda ya riga ya yi wa mutane alkawari. Yaya ya so ya yi gardama a kan injiniyan, Kaka ta ce ya rufe bakinsa, ba kullum mutum ke samun duk abin da yake so ba.

Ranar wasan, sanyi ya fara sakin gari, furanni ruwan ɗorawa sun fito a bakin hanya. An kwance wa Kaka ido na biyu, an ba ta wani tabarau mai kauri kamar gindin kofi. Wannan ce fitarta ta farko da ba asibiti ba. Tana ta tsayawa tana kallon jajayen bas da tattabaru. Ba mu zaci Baba zai zo ba, sai ga shi ya fito da babbar riga fara da hula, ya ɗauki makullin motar da ya aro. A zauren makarantar ya zauna a sahun gaba, ya miƙe baya, hannaye a kan gwiwa, kamar wanda ya zo sauraron shari'a.

Da aka kira su, Yaya kaɗai ya fito, ya zauna a kujera da jitar katako. Ya matsa kusa da makirufo ya faɗi sunan tsohon Ba'amurken, da yankin da ya fito, ya ce waƙar tasa ce, kowa aro ya yi. Yara suka ɗan yi surutu, don ba abin da suka zo ji ba ke nan. Ya fara. Murya, sannan kwalba a kan tsirkiya. Surutun ya mutu da kansa. Ya kai ƙarshen baitin farko, ya bar sautin ya gangara har ya kusa ɓacewa, sai mai ganga ya faɗo daga bayan labule, Yaya ya miƙe ya saɓa jar jitarsa, zauren ya ɗauka. Waƙar da suka sani ce, amma yanzu sun ga inda ta fito. Yara na dukan daɓe da ƙafa, har malamai na gyaɗa kai. Kaka ta gyara tabarau, ta sunkuyo kunnena ta ce, "Ashe Maigida kyakkyawa ne. Da na sani da ban yi ta zagin gashinsa ba."

Baba bai tafa ba. Muka shiga mota, Yaya a gaba, ni da Umma da Kaka a baya. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Da muka tsaya a danja, Baba yana kallon titi, ya ce, "Kana taka muryar."

Yaya ya juyo.

"A baitin farko. Kana shigowa kafin ta sauka. Babana ba ya taɓa tsirkiya sai murya ta kai ƙasa ta zauna. Wani lokaci har ka zaci ya manta." Danja ta ba da hannu, ya sa giya. "Amma hannun nasa ne."

Ban taɓa jin ya ambaci kiɗan ubansa ba sai ran nan. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuskarta da sabon tabaran duka, ba ta buɗe ba har muka isa gida.

Da bazara ta koma ƙauye da idanunta biyu, ta ƙara wasu shekaru tana tsince tsakuwa daga shinkafa da kanta kafin Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya karanta injiniyan lantarki kamar yadda aka ce, ya koma gida, ya kama aiki a gidan rediyo. Duk hutun da ya samu sai ya loda na'ura a mota ya shiga ƙauyuka, yana ɗaukar tsofaffin makaɗan gurmi da kukuma da garaya. Bai taɓa sa kiɗan wani a iska ba sai ya faɗi sunansa da na garinsa. Baba, bayan ya yi ritaya, ba ya barin shirin nan ya wuce shi.

Yanzu ni ce kaka. 'Yata na aure a London, nakan je in ɗan kwana biyu. Old Kent Road ta cika da shagunan 'yan Najeriya da gidajen abinci da majami'u a tsofaffin sito, attarugu kuwa ko'ina ka juya. Duniya ta juya ta wani wajen ma. Yau 'ya'yan manya ne ke rububin zama mawaƙa, iyayensu na alfahari. Jikokina suna jin Hausa, su amsa da Turanci, kuma duk waƙar da aka taɓa yi a duniya tana cikin wayar hannunsu.

A zuwana na ƙarshe, babbar cikinsu ta tambaye ni sana'ar kakana. Na ce makaɗin gurmi ne, na faɗa da ƙarfi, kamar yadda ake faɗin alkali ko likita. Ta ɗauko waya ta ce in ba ta sunansa ta nemo shi. Na ce ba za ta same shi ba. Tsohon Ba'amurken nan ya yi sa'a, wani ya ajiye na'ura a gabansa na 'yan mintoci, shi ya sa har yau duniya ke ci daga hannunsa. Namu kuwa babu wanda ya ajiye masa kome. Na ga abin ya taɓa yarinyar.

Sai na karɓi wayar na kira Yaya a Kaduna. Ya tsufa, gashin nan duk ya zube, yatsunsa sun fara ciwo. Na ce ga jikarka tana son ta ji kakanmu. Ya ce in ba shi minti ɗaya ya ɗauko jita. Muka ji ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ja baiti ɗaya, sannan shiru. Yarinyar ta dube ni ta ce ko layin ya yanke.

Na ce mata, "Bai yanke ba. Jira."